Gahawa a Ƙofar Gidan Hajja Fanna

Da hantsi Bintu ta tsuguna gaban kurfoti a ƙofar ɗakinsu tana juya 'ya'yan gahawa cikin ƙaramin kasko, hayaƙi yana zagaya tsakar gida. Ba ta kai ga sauke kaskon ba tarin Hajja Fanna ya fara daga ɗaka, irin tarin nan da ba na ciwo ba ne, na neman magana ne. Can sai ga ta da carbi a hannu, lafaya na jan ƙasa, ta tsaya a kan Bintu kamar mai karɓar haraji.

"Ke 'yar Sudan, yau kuma gidan za ki ƙone mana? Mutane na karyawa da kunu da ƙosai, ke kin tasa baƙin ruwa a gaba kamar mai haɗa asiri."

Bintu ta ce gahawar mijinta ce, tun yana saurayi ba ya fita sai ya sha. Ta faɗa da ladabi daidai iyawarta, sai dai ta kama sunansa gatsal, ta ce Khalil. Hajja ta tafa hannu ta juya tana ba bango labari, wai shekararta sittin da ɗoriya ba ta taɓa jin mace ta kira sunan miji gaban manya kamar tana kiran ɗan akuya ba.

Wata bakwai ke nan ana wannan zama.

Ibrahim Khalil ɗan yayan Hajja ne. Mahaifinsa ya bar Maiduguri yana matashi ya tafi karatu Sudan, ƙasar ta riƙe shi, can ya yi aure, can aka binne shi. Shi Ibrahim Khalil a Omdurman ya buɗe ido, ya yi karatun gwajin jini, yana aiki a wani asibiti, ya auri Bintu, 'yar Hausawan can waɗanda kakanninsu suka tafi hajji a ƙafa ba su dawo ba. Auren so ne, irin wanda unguwa kan yi kwatance da shi. Da yaƙi ya ci Khartoum suka fito da 'yarsu Tasnim da akwati ɗaya, suka yi wata biyu a hanya, ta Chadi suka ɓullo Gamboru, daga nan sai unguwar Gomari a Maiduguri, gidan da kakansa ya bari, inda Hajja Fanna ke mulki tun rasuwar mijinta.

Ta karɓe su, gaskiya ɗaya ce, har kuka ta yi ranar da ta ga fuskar ɗan yayanta. Amma baƙon kwana uku daban, baƙon da ba shi da ranar tafiya daban. Kafin wata ya zagayo komai Bintu ta taɓa ya zama laifi. Ta miƙa wa baƙo hannu su gaisa, laifi. Ta zauna cin abinci tire ɗaya da mijinta, Hajja ta ce wannan fitsara ko a fim. Ta dafa burabusko ya caɓe, ta yi kisira irin ta garinsu ba wanda ya taɓa sai kaji. Hausar ma da take taƙama da ita ta kakanni ce, gauraye da Larabci, in ta buɗe baki a wajen ɗibar ruwa sai mata su haɗa ido. Da Kanuri kuwa ake yanka ta a gabanta tana murmushi, sai daga baya ta fara karanta zagin a ƙwayar ido.

Shi kuma maigidan takardunsa suna can cikin asibitin da wuta ta cinye. Duk ofishin da ya shiga sai a ce ina satifiket, ina rajista. Kullum ya goge farar rigarsa ya fita, ya dawo da la'asar ya ci tuwon da aka haɗa masa da gori. Mutumin da a da in ya yi dariya sai maƙwabta sun ji, ya koma magana kamar ana sayar masa da ita.

Wannan shi ya fi ci wa Bintu rai, shi ya kuma tuna mata da mahaifiyarta. Shekara ashirin da shida tsohuwar tana sayar da shayi da gahawa a gindin wata bishiya kusa da tashar mota a Omdurman, da shi ta raini 'ya'ya biyar. A can sana'ar mata ce. Alƙali, ɗan sanda, malamin jami'a, duk a kan 'yan kujerunta suke zama, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Don haka da Hajja ta tafi biki Bama za ta yi kwana huɗu, Bintu ta cire ɗan kunnenta ta sayar, ta shiga shagon Madam Nwakaego da ke tsallaken titi ta sayi butoci biyu da finjalai da sukari. Ta gaya wa mijinta, ya ce Allah ya sa albarka. Shi ma bai ga komai a ciki ba. Makaho ne ya ja makaho.

Ranar Lahadi ta share gindin darbejiyar ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta jera kujeru, ta saka turaren wuta a kasko. Ƙamshin citta da kirfa ya tare titi. 'Yan Keke ne suka fara tsayawa, ɗaya, uku, kafin azahar kekuna sun yi layi kamar gidan mai. Bintu tana zubawa daga sama ba ɗigo ɗaya a ƙasa, suna tsokanar Hausarta tana rama wa kowa daidai da shi. Rabonta da dariya irin ta ranar tun kafin ta ji ƙarar harsashin farko.

Washegari Malama Salomi, maƙwabciyarsu 'yar wajen Biu mai koyarwa a firamare, ta dawo daga makaranta ta ga taron. Ta ja Bintu cikin zaure ta ce mata a garin nan mai shayi namiji ne, matar aure ba ta zama bakin titi maza su kewaye ta, in tana son sana'a ta yi daga cikin gida. Bintu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a garinsu namijin da ya zauna a kujerar nan ai ya gama yawo, ko kare ba zai ba shi 'ya ba.

"Ai ba a garinku kike ba, Maman Tasnim," in ji Salomi.

Bintu ta ce ciki ba ya tambayar sunan gari, ta koma kan kurfotinta. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

Wani ɗan Keke mai rawar kai ya ɗauke ta bidiyo ya watsa, ya rubuta a ƙasa: Balarabiya mai shayi a Gomari, ku zo ku ga kaya. Kafin Talata bidiyon ya isa gidan biki a Bama. Mata suna miƙa wa juna waya suna ƙyaƙyatawa, har wata ta ƙura ido ta ce wannan koren ƙyauren kamar na gidan Hajja Fanna. Hajja ba ta jira kai amarya ba.

Ana kiran azahar ta sauka. Ba ta yi sallama ba, ƙafa ta sa ta ture kurfotin, garwashi ya watse, maza suka yi ta kansu kowa ya haye kekensa. Tulun gahawa na yumɓu, wanda Bintu ta naɗo cikin kayan Tasnim tun daga Omdurman, ya faɗi ya rabu uku.

"Gidan Goni guda kin mai da shi tasha," in ji Hajja. "Mahaifina a nan ya karantar da Alƙur'ani. Can ƙasarku da butoci kuke neman maza?"

Da Bintu ta yi shiru da maganar ta tsaya nan. Amma tana kallon gutsattsarin tulun, abin da ya yi wata bakwai yana tafasa ya yi ambaliya.

"Hajja, ba ni kika zaga ba, uwata kika zaga, kuma ba ki kai ki ɗauki takalminta ba. Gara in sayar da shayi a titi da in ci tuwon da ake ƙirga mini loma."

Hajja ta dube ta sama da ƙasa, ta shige gida ba ta ƙara kalma ba, wanda duk ya san ta kuwa ya san shirunta ya fi faɗanta muni.

Da la'asar Ibrahim Khalil ya dawo, ta kira shi ɗakinta. Bintu tana bayan labule tana ji. Hajja ta ajiye takarda da biro a kan tabarma ta ce ta ba shi zuwa saukowa daga masallacin Juma'a. Ko ya rubuta wa 'yar Sudan takardarta, Tasnim ta zauna tunda jininsu ce, ko ya kwashe su ya bar gidan, kada ya zo ko jana'izarta, 'yan uwan da suka yi alkawarin nema masa aiki kuma za ta gaya musu su cire hannu. Bintu ta kasa kunne ta ji abin da mijinta zai ce. Sai ta ji ya ce, "To, Hajja."

Wannan "to" ɗin ya fi ture kurfotin zafi.

Yana shigowa ɗaki ta tare shi. Ta ce ashe kwana ukun da yake cin naman da shayi ya saya bai san haramun ba ne? Ya ce ta rage murya. Ta ce ba za ta rage ba, muryar ce kaɗai abin da ba a ƙwace mata ba. Ya ce ta zubar masa da mutunci gaban dangin ubansa, mutanen da ba shi da kowa a duniya sai su. Magana ta ja magana, har ya faɗi wadda ba ta komawa.

"Kin kwaso sana'ar uwarki ta bakin titi kin kawo gidan mutunci."

Bintu ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Uwata da ka shekara uku kana shan gahawarta kyauta kana neman aurena? Ita?"

Ya ninke takardar da Hajja ta ba shi ya sa a aljihu ya fita.

Nan Bintu ta zauna a bakin katifa ta dubi inda take. Mace a garin nan in an sake ta gidan ubanta take tafiya. Ita gidan ubanta ya zama kango. Mahaifiyarta tana Gadarif cikin ajin wata makaranta tare da waɗanda yaƙi ya kora, waya ma sai a yi wata ba ta shiga ba. Iyaka biyu ne tsakaninsu, ba ta da takardar ƙetare ko ɗaya. Kuma ko ta tafi, Tasnim ba za ta bi ta ba. Ta ja yarinyar jikinta ta yi kuka mara sauti, don ko kukan ba ta so Hajja ta samu.

Ranar Laraba ta yi ɗamara za ta shiga ɗakin tsohuwar su yi ta ta ƙare, Salomi ta riƙe mata gefen lafaya a zaure. Ita ma ta san gudu, ƙauyensu aka ƙone ta shigo Maiduguri da zane ɗaya, ta yi shekara biyu a ɗakin matar kawunta tana haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa. Ta ce wa Bintu harshenta ya riga ya yi nasa aikin, kuma ga inda ya kai ta. Yanzu ta yi shiru ta bar mijin ya ji muryar zuciyarsa, don namiji ba ya jin komai in mata biyu na ihu a kansa.

Haƙuri ga mai zafin rai ya fi ɗaukar dutse nauyi, amma Bintu ta ɗauka. Ta share tsakar gida, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajja, Hajja ta kau da kai ta tofar da yawu. Ta wanke wa mijinta farar rigarsa ta goge, ta ajiye masa abinci, ba ta ce masa ci kanka ba. Shi ma bai ce ba. Sau biyu tana ganinsa ya zaro takardar ya duba ya mayar. Kwana biyu suka yi haka, ɗaki ɗaya kamar fasinjojin da mota ta haɗa.

Ranar Juma'a ya fita sallar asuba bai dawo ba. Gari ya waye Bintu ta duba bayan ƙofa inda ta tara kayan shayinta, wayam, babu buta babu kujera. Ta ce shi ke nan, ya fara da kayan, saura mai kayan. Ta jawo akwati ta fara ninke zannuwanta. Tana cikin haka wani ƙauri ya tsallako katanga, ƙaurin gahawar da aka bari ta ƙone ƙurmus. Duk Gomari ba mai soya gahawa sai ita. Ta yafa lafaya ta fita.

A tsallaken titi, jikin shagon Madam Nwakaego, Ibrahim Khalil ne zaune kan 'yar kujerarta, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, farar rigar nan duk toka, yana fifita kurfoti da kwali hayaƙi na shiga masa ido.

Bintu ta tsaya a bakin ƙyaure tana kallonsa. Ita kaɗai a titin nan ta san abin da take gani. Ɗan Omdurman, mai digiri, a kujerar mai shayi! Can gida da ya gwammace a gan shi tsirara a kasuwa. Kamar kuwa an aiko, wani Basudane mai sayar da turare da suka sani tun a hanya ya zo wucewa, ya tsaya ya riƙe baki, ya kira shi uwar shayi da Larabci, ya ce wallahi sai ya tura hoton nan wa abokansu su sha kallo. Bintu ta ga jijiyar wuyan mijinta ta tashi. Ya haɗiye, ya gyara zama, ya ce ya ɗauka da kyau, sannan ya tambaye shi sukari cokali nawa.

'Yan Keke kuwa ko a jikinsu. Namiji na sayar da shayi, me ye abin kallo? Ɗanɗanon ne kawai ya dame su. Wani da ake kira Bala ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Malam, wannan gahawa ce ko maganin shawara? Ina madam ɗinka? A dawo mana da orijinal."

Hayaniyar ce ta fito da Hajja. Ta tsaya gefen Bintu ta kare rana da hannu, ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta tsallaka titi ko kallon kekuna ba ta yi ba, Bintu na biye da ita.

"Ibrahim, me nake gani? Jikan Goni ne mai shayi? Ina takardar da na ba ka?"

Ya miƙe da ladabi, ya zaro ta daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu. Fara ce tas.

"Hajja, kin ce mace ba ta zama a nan, na ji, ba za ta ƙara zama ba. Ni zan zauna. A garin da aka haife ni wannan kujerar abin kunya ce ga namiji, a nan kuma ga mace. Tunda dole ɗayanmu ya ɗauki kunya, gara ni, tawa kunyar tana can inda ba mai ganina. Amma matar da ta goya 'yata ta ratsa daji da ita, ta ba ni ruwanta ta ce ta ƙoshi, ba ni da hannun rubuta mata wannan."

Hajja ta ce to ya zaɓa, kada la'asar ta same su a gidan. Ya ce in Allah ya yarda ba za ta same su ba, akwai ɗaki a bayan gidan su Malama Salomi, kuma duk Juma'a zai zo gaishe ta ko za ta rufe masa ƙofa. Ta yayyaga takardar ta watsa masa a ƙirji ta juya. Ba wanda ya yi dariya.

Bintu ta rage tsaye. Kalmomi sun cika mata baki, masu zafi da masu sanyi, ta rasa wadda za ta fara. Shi ya riga ta, da Larabci, ƙasa-ƙasa yadda 'yan Keke ba za su ji ba. Ya ce awa uku kawai ya yi a kujerar nan bayansa kamar zai karye, mahaifiyarta ta yi shekara ashirin da shida. Ya ce bakinsa ya yi abin da bai isa ya goge ba, amma in waya ta shiga shi zai fara roƙon tsohuwar kafin ya roƙi 'yarta.

Hawaye ya zubo wa Bintu ta share da gefen lafaya. Ta leƙa kaskon.

"Ka ƙona rabin mudu," ta ce. "Miƙo sauran. Ni zan riƙa soyawa ina dakawa a ciki, kai dai ka tafasa ka zuba. Kuma ka daina fifita kamar kana korar kaji."

Kafin la'asar suka kwashe. Ɗakin ƙarami ne, rufin yana yoyo da damina, aikin asibiti kuma bai zo ba sai bayan shekara da rabi. Amma ba su ƙara cin loma da gori ba. Duk Juma'a yana zuwa gidan Hajja, wata takwas tana amsa masa daga bayan ƙofa. Bintu ke tura shi in ya yi nauyin ƙafa, ita da aka kora.

Ranar sunan ɗansu na biyu, mata sun cika ɗan tsakar gidan, sai aka ga an dare. Hajja Fanna ce, ba wanda ya gayyace ta. Ba ta gaisa da kowa ba, ba ta taɓa abinci ba. Ta zauna ta miƙa hannu aka ɗora mata jaririn. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce goshin yayanta ne sak, muryarta ta karye. Yaron ya fara kuka, ta ɗago ta harari Bintu.

"Ke kuma me kike jira? Matso ki ba shi nono, ki gyara zama, ba haka ake riƙe ɗan mutane ba."

Bintu ta matso ta gyara zama yadda aka ce.

Kowace ƙasa da inda take ajiye kunyarta, baƙon da bai tambaya ba shi ke taka ta. Harshe ya kai Bintu bakin rami, shirun kwana biyu ya dawo da ita. So kuwa ba a gane shi a zaman daɗi, sai ranar da kaya ya yi nauyi aka ga wanda ya sunkuya ya ce a ɗora masa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in kuma Allah ya ba shi abokin hura wuta, tun da sauran rana zai sha romonsa.